Yadda Na Hana Surukaina Ruwa da Yatsa Ɗaya

Kun girma kuna jin ana cewa ubanku ya taɓa aikin biro, wato ofis, anka kore shi don ya yi wa inji ƙeta. Ban taɓa zama na ba ku labarin ba, don duk ran da na ɗauko shi sai jijiyar wuyana ta tashi, uwarku Rabi ta ce in sha ruwa in yi shiru. To na sha ruwan shekara da shekaru, abin bai wuce ba. Yanzu da haƙora sunka fara yi mani sallama ɗaya bayan ɗaya, gara in rubuta shi da hannuna, da wanga rubutu nawa mai kama da sawun kaji a bakin tabki, tun wani marar aikin yi bai ba jikokina shi a karkace ba. An kore ni, gaskiya ne. Na taɓa injin, shi ma gaskiya ne. Amma tsakanin gaskiyar nan biyu akwai rani guda cur, kuma shi ne ba wanda ke son ji.

Lokacin akwai wani furoje, wato shirin taimako, na ginar rijiyoyi nan Madarumfa, biro ɗaki biyu da rumfar kwano. Ni ne falanto: in share, in tada gurup, wato janareta, da safe don a samu wuta, in kai takarda, in sayo wa Shaf, shugaban biron, goro. Ilimina na lekol, makarantar boko, shekara biyu ne, a ta biyun na saka wa mushe, malaminmu, kwaɗo cikin aljihun riga, ya kore ni, sunan kuma ya bi ni har yau. Na dai fito da baƙaƙe a kaina, ina gane su ɗaya ɗaya kamar yadda makaho ke gane tsabar kuɗi. Dokar furoje kuwa mai sauƙi ce, har ni na gane ta. Gari ya rubuto shina son rijiya, sakatariyarmu Madam Saratu, wata Kirista 'yar Maraɗi mai haƙuri kamar damo, ta buga takardar cikin inji, wato kwamfuta, kowane gari da tashi, fishiye suke ce mata. Wanda ya riga rubutowa shi ne gaba. In masu gina sun gama rijiya, a cire wannan gari, a duba wa ke sama, a buga sunan a takarda, Shaf ya sa hannu da tampo, wato hatimi, kamiyo, babbar motar kaya, ya tashi.

Injin nan ba irin wanda kuke shafawa da yatsa yanzu ba ne. Gilashi ne baƙi wuluk, ba hoto ba komi, sai wani ɗan layi shina ƙyaftawa a kusurwa kamar ƙadangare na gyaɗa kai. In ba ka rubuta mashi ba, ko ka kwana gabanshi ba ya tanka maka. Shaf kuwa, wanda ya yi karatu har ƙasashen waje, shina ɗaure wuya da igiyar Turawa ko cikin zafin bazara, tsoron injin nan yake kamar maciji ne cikin tulu. Bai taɓa faɗi ba. Cewa yake babba ba ya buga takarda. Da cikin Madam ya tsufa, za ta koma Maraɗi haihuwa, sai ya nuna ni da baki.

"Ki koya wa Kwaɗo ya riƙa fiddo mani sunan. Ai ba wani abu ba ne, ko biri ya iya."

Kun ji da kunnenku, ko? Shi ya sa ni. Ku riƙe wannan.

Madam ta zaunar da ni kan kujerarta, ta ce in rubuta D, I, R, in bar fili, in sa sanda a karkace, sannan O, sannan D. Ukun farko na nufin "jero mani abin da ke cikinka", na baya kuma "fara da wanda ya fi daɗewa". Kwana uku ina fama. In na samu D sai R ta ɓace mani, in na samu sandar sai ta karkace ta wancan ɓarin, injin ya zage ni da Faransanci. Ran na ukun na tashi na ɗauki tsintsiyata.

"Madam, ki bar ni da wannan. Ita ba ta taɓa ce mani na yi kuskure ba."

"Zauna, Malam Issufu," in ji ta. Ita kaɗai ke kirana da sunan yanka a biron nan. "Wa ke kiranka Issufu ɗan Mamman na Unguwar Masunta in shina sauri?"

"Ba kowa. Kwaɗo, in amsa."

"To shi ma umurnin ga laƙabi za mu yi mashi. Zaɓi harafi ɗaya."

Na ce R, don rijiya. Ta buɗe wata 'yar fishiye sabuwa, ta sa ni na zuba dogon zancen nan ciki sau ɗaya tak, da yatsana, ina gumi, munka raɗa mata suna R, ta ƙara mata wata 'yar wutsiya ta baƙaƙe uku don injin ya san umurni ce ba wasiƙa ba. Ta ce in danna R in buga babban maɓalli. Na danna. Wallahi ɗiyana, sai ga garuruwa sun zubo daga sama har ƙasa, fari bisa baƙi, kowa a layinshi kamar sahun Idi. Ni Kwaɗo, da yatsa ɗaya! Na tashi na taka rawa har na ture kwandon shara. Kafin ta tafi ta ƙara koya mani buɗe takardar gari in an tambaya, da yadda in injin ya yi tambaya wajen rufewa zan ce mashi i. Da ta tafi kuwa, kaina ya yi girma. Na yi wa injin laƙabai har huɗu ni kaɗai: ɗaya ya jero su kaɗan kaɗan don kar su tsere mani, ɗaya ya jero su a kwance, ɗaya ma ba ya komi sai ya rubuto "Sannu Malam Issufu". Wannan shi na fi dannawa.

Cikin garuruwan da ke layi akwai Tudun Ƙirya, can bayan Gabi, garin uwarku. Mu nan muna kwana muna tashi da tabki a gabanmu, su kuwa rijiyarsu guda ta rufta, mata na fita da jakkai tun asuba su dawo rana tsaka da ruwa mai launin kunun kanwa. Ran da Madam ta tafi su ne na uku a layi. Na gani da idona, na kuma aika wa surukina Malam Tanko, kakanku, cewa ya kwantar da hankali.

To kun san halinmu. Bahaushe in ya kai kuka wurin manya ba ya komawa gida ya naɗe hannu. Sai ya riƙa zuwa gaisuwa, ba don ya yi roƙo ba, don dai a riƙa ganin fuskarshi, kar a manta. Wanda bai zuwa, cewa ake bai matsu ba. Ran kasuwa sai ga Baba, surukin nawa, da dattawa biyu, sun sha tafiya, ƙafafu fari fat. Na durƙusa na gaishe su ina kallon ƙasa, na shigar da su, na buɗe masu takardarsu a gilashi. Baba ya daɗe shina kallo, shi da bai san ko alif na boko ba.

"Wannan mu ne?"

"Ku ne, Baba."

"To shi abin, ya san mun zo?"

Tambayar nan ta shige ni. Na ce lalle, in Bature ya zo daga Yamai ya duba, da mi zai san waɗanga sun fi kowa matsuwa? Sai na gangara ƙasan takardar, na rubuta da manyan baƙaƙe: SUN ZO. Injin ya yi tambayarshi, na ce i. Baba ya sa mani albarka har sau uku. Wani mako sunka dawo, na rubuta SUN ZO KUMA. Na gaba, SUN ZO DA LIMAN. Ina yi ina jin daɗi, ina cewa cikin raina, yau ga surukin da ya san aiki.

Da anka gama rijiyar da ake ciki, na danna R. Na duba sama, ba Tudun Ƙirya. Na biyu, babu. Na bi da yatsa har ƙasa, sai ga su can a gindi, na ƙarshe, bayan garin da ya rubuto shekaranjiya. Na kashe injin na kunna. Na hura mashi iska. Na tofa mashi addu'a. Suna gindi. Na je na faɗa wa Shaf, shina cin tsire bisa tebur.

"Inji ba ya ƙarya," in ji shi, ko kallona bai yi ba. "Ba shi da suruki."

Haka ranin nan ya tafi. Kamiyo na wucewa ta gefen garinsu da siminti, ya kai wa waɗanda sunka rubuto bayansu da wata da watanni. Su kuwa da sunka ga an tsallake su, mi za su yi? Sai sunka ƙara yawan zuwa. Ni kuma da na ga suna ƙasa, mi zan yi? Sai na ƙara yawan rubutu, don in ƙarfafa masu hujja. SUN ZO. JAKINSU YA MUTU. MATA NA WAHALA. In sun yi mako biyu ba su zo ba sai in ga sun ɗan hau, sabbi sun shiga bayansu, in yi murna in aika su zo su gani. Su zo, in rubuta, su koma gindi. Jakin da ke zagaya turke ya fi ni wayo, shi ko ba komi ya san igiya ce.

Gida kuwa ya zama mani lahira. Uwarku ta daina ce mani "Malam", sai "mai inji". In ta aje mani tuwo sai ta aje ruwan sha nesa, in na miƙa hannu ta ce:

"A'a, bi layi. Akwai waɗanda sunka riga ka rubutowa."

Wata rana ƙanwarta ta zo daga can, wuyanta ya sanƙare don ɗaukar tulu, sunka shige ɗaki suna magana ƙasa ƙasa. Na ji ƙanwar na cewa, a garin an ce tun ran da Baba ya hana ni aron shanun noma na ƙulla shi. Ni! Da ko shanun na manta da kamanninsu. Na yi tsaye a tsakar gida na rantse da abin da zai kashe ni. Rabi ta leƙo.

"To in ba kai ba ne, wa ke danna abin?"

Na ɗauki hulata na fice. Don ni ke dannawa.

Madam ta sha wuyar haihuwa, ba ta dawo ba sai da gajimare ya fara haɗuwa gabas. Ko zama ba ta yi ba na ja ta gaban injin na zayyana mata komi. Ta buɗe takardar Tudun Ƙirya, ta ga SUN ZO, SUN ZO KUMA, har ƙasa. Ta fara dariya, sai dariyar ta yanke, ta dafe baki.

"Wayyo Malam Issufu. Shi injin ba ranar da anka rubuto yake dubawa ba. Ranar da anka taɓa takardar ƙarshe yake dubawa. Duk ran da ka ƙara ko ɗigo ka ce mashi i, sabuwa ce a wurinshi."

"Kina nufin wanda ya zo gaisuwa..."

"Baya yake komawa. Laifina ne, ban faɗa maka ba. Ban zaci za ka yi rubutu ciki ba."

Ku faɗa mani, wane irin mahaluki ne wannan, da za a zo gaishe shi ya mai da mutum baya? Ko sarkin da ya fi kowa zalunci bai yin haka. Amma ba injin na yi wa fushi ba, shi ƙarfe ne. Munka shiga wurin Shaf mu biyu, Madam ta ɗauko ainihin wasiƙar garin daga kabad, ga tampo, ga kwanan wata, ta aje mashi. Rijiya ɗaya ta rage kafin ruwa ya sauka, kuma kowa ya san daga ita furoje zai naɗe tabarma. Na ce a ba su, hakkinsu ne tun farkon rani. Shaf ya karanta, ya tura takardar gefe da ɗan yatsa.

"In na canza yanzu, Yamai za su tambayi dalili. In na faɗi dalili, za su ce wa ya ba falanto inji. Kana so in ce wa?"

"Ka ce kai, ranka ya daɗe. Ai kai ne."

"Kwaɗo, ka san da wa kake magana?"

"Na sani. Da wanda ya ce ko biri ya iya."

Madam ta taka mani ƙafa, amma magana ta riga ta fita. Ya miƙe, igiyar wuyanshi na rawa, ya ce daga yau in na ƙara kusantar injin sai tsintsiya a hannuna, ita ma Madam ta tsaya ga wasiƙunta, shi da kanshi zai fiddo sunan ran Litinin, kuma abin da inji ya ce shi za a yi. Mutum ya san gaskiya, ga ta a takarda gabanshi, ya zaɓi gari guda ya ƙara shekaru shina shan laka don kar a ce mashi "don mi" a Yamai. Wannan shi ne abin da har yau in na tuna nake jin ɗaci a harshena. Ni na yi ɓarna da jahilci. Shi ya yi da digiri.

Ran kasuwar da ta biyo, Baba ya zo shi kaɗai, ya same ni ina shara a waje. Bai shiga ba. Ya kwance zabi biyu daga bayan kekenshi, ƙafafu a ɗaure, ya aje gabana. Na ce Baba don Allah ka ɗauke, na fara ƙoƙarin yi mashi bayanin taɓawa da kwanan wata, ina in'ina, ido a ƙasa, don ta yaya za ka dubi surukinka ka ce mashi gaisuwarshi ce ta hana shi ruwa? Ya ɗaga hannu.

"Na yara ne," in ji shi. Ya hau keke ya tafi.

To akwai abin da Shaf bai lissafa ba. Duk karatunshi, abu ɗaya ya sani a injin nan: ya ga ina danna R. Bai san mi ke cikin R ba. Ni na haife ta, ni na raɗa mata suna. Na tambayi Madam, kamar da wasa, in mutum na son layin ya juye, na ƙasa ya koma sama, yaya ake? Sai ta ɗauki alƙalami ta ja ɗan gajeren layi a tafin hannunta, ta ce tsakanin O da D, ta goge da yawu, ta ce ita ba ta ce komi ba, tana da jariri.

Ran Litinin na zo da sassafe kamar kullum, na tada gurup kamar kullum, na shiga da tsintsiya kamar yadda anka umurce ni. Na buɗe takardar Tudun Ƙirya na rubuta SUN GAJI, na ce i, don in tabbata ba wanda ya fi su sabunta. Na buɗe R, na saka ɗan layin nan inda anka nuna mani. Na share ɗakin tas, har ƙarƙashin tebur. Shaf ya zo ƙarfe tara, ya zauna gaban injin kamar mai shirin yanka raƙumi, ya nemi R da ido har na ji kamar in nuna mashi, ya danna. Ya kwafi sunan da ke sama. Ko ya karanta ko bai karanta ba, Allah masani; ni dai na san ya taɓa ce mani sunayen ƙauyukan ga duk ɗaya ne a kunnenshi. Ya sa hannu, ya buga tampo, ya miƙo mani ba tare da ya dube ni ba. Ban taɓa taka keke kamar ran nan ba.

Kwana huɗu kafin ya farga, da mutanen wani gari na wajen Sarkin Yamma, waɗanda da su ne a sama, sunka zo tambaya. Ya hau mota ya tafi Tudun Ƙirya ya ce a tsaya. Amma an riga an yi addu'a, an sara ƙasa, rami ya kai gaba biyu. Shugaban masu gina, wani tsoho da bai da yawan magana, ya ce mashi su a sana'arsu ba su buɗe bakin rijiya su bar shi a buɗe, in shina so ya shiga ya cike da hannunshi. Ya dawo ya kore ni gaban kowa, ya rubuta cewa falanto ya lalata inji don son kai. Ban musa ba. Abin da ya tsaya mani shi ne mutanen Sarkin Yamma ɗin nan, da sunka juya ba su ce mani komi ba. Ba su yi mani laifin komi ba, su ma ƙishirwa ce ta kawo su, kuma furoje ya tashi bai kai gare su ba. In kun taɓa jin na ƙi bin hanyar nan ko da ta fi kusa, to dalili ke nan. Daga nan na koma su a tabki, inda kifi bai tambayar takarda.

Ran da ruwa ya fito anka aiko mu je. Uwarku ta yi lalle, ta sa zanen sallarta, ta ma kira ni Malam a hanya. Ni kuwa na tafi da jawabi a bakina, na shirya shi tsaf: zan faɗi kuskurena, in faɗi abin da na yi na gyara, in faɗi aikin da na rasa. Anka jawo guga na farko, ruwa garau, mata na guɗa. Baba ya ɗiba a ƙwarya ya sha, ya miƙo mani da hannunshi, gaban dattawan gari duka. Na durƙusa na karɓa. Sai ya sunkuyo, ya yi ƙasa da murya irin ta mai rufa wa ɗa asiri, amma yadda na kusa za su ji.

"Allah shi yi maka albarka, Issufu. Amma da ka faɗa tun farkon rani zabi kake so, ai da ba mu kai ga rasa jaki ba."

Dattawa sunka gyaɗa kai. Ɗaya ya ce, "Yaran zamani, ba su iya faɗin abu kai tsaye ba."

Ƙwaryar na hannuna, jawabin na bakina, kuma surukina ne. Na shanye ruwan. Ya rasu shekara shida bayan haka, shina gaya wa duk wanda zai shiga biro ya tafi da zabi biyu, don shi ya gwada ya gani.